Ranar da Siddo Ya Kai Sallah Ƙetare

Da hantsi ne, ina kan keken ɗinki ina haɗa wuyan wata riga mai ruwan toka, sai inuwar mutum ta tare mani haske a bakin shago. Na ɗaga kai na ga Haruna tsaye da hularsa a hannu. Ya yi sallama can ƙasa, sannan ya ce, "Sha'ibu, Bere ya tafi." Bere shi ne yadda ƙane ke kiran wansa a bakin mutanen Dendi, kuma Haruna ba shi da wani bere a duniya sai Siddo. Na sauke ƙafata daga kan keken. Rigar da ke ƙarƙashin allurar ta Siddo ce, ta Sallah. Irinta ta Haruna tana rataye a bango, na riga na gama ta.

Yaran yanzu sun san Siddo dattijo mai sanyin magana, wanda ke raba faɗa a bakin ruwa. Ba su san akwai shekarun da ko sunan Haruna ba a iya kira a gabansa ba. Ni abokin Siddo ne tun muna wanka tsirara a kogi, don haka na ga ya kamata in rubuta yadda aka yi.

An haifi Siddo a nan Gaya, a gidajen bakin ruwa. Ubansa mai fito ne, yana ƙetarar da mutane da kaya zuwa Malanbil tun kafin a yi mafarkin gada. Uwarsa, Inna Hawa, bandar kifi take yi. Dendanci ya sha a nono, Hausa ya tsinta a kasuwa, Fillanci wurin masu shanu, ya ɗan lasa Faransanci wurin 'yan duwan masu karɓar harajin kaya. A duka huɗun nan abin da ya fi ƙwarewa shi ne zagi. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, in ya riƙe filafilin tuƙa jirgi sai ka ce cokali ne a hannunsa. Karatunsa bai wuce 'yan surorin salla ba. Hannunsa a buɗe yake, in ya kamo kifi maƙwabta sun ci. Amma wanda ya ci kifinsa da safe yana iya shan zaginsa da yamma.

Abin da Siddo ke tinƙaho da shi shi ne azumi. Tun da ya balaga bai taɓa shan ko yini ɗaya ba. Shekarun da watan ya faɗo tsakiyar bazara, lokacin da ƙarti ke kwanciya ƙarƙashin bishiya suna lulluɓe da jiƙaƙƙen zane, shi yana tsakiyar kogi yana tuƙi.

"Ku kuna azumi nesa da randa," in ji shi. "Ni a cikin randar nake wuni. Ruwa a hagu, ruwa a dama, in na sunkuya na sha wa zai gan ni? Ba kowa sai Allah. To shi ɗin nake jin kunya."

Wannan gaskiya ya faɗa, kuma ya riƙe ta har ya mutu. Sai dai da la'asar ta yi, ba mai son shiga jirginsa. Yunwar da ya hana cikinsa, a kan mutane yake fanshe ta.

Akwai wani aiki da gidansu ya gada. In aka ga jinjirin wata a Gaya, ubansu ne ke tura jirgi ya kai wa mutanen ƙetare labari. In can aka fara gani, a aiko nan. Siddo ya sha yin wannan tuƙi yana saurayi. Da haka ya tashi: kogi ɗaya, wata ɗaya, Sallah ɗaya.

Da aka gama gada, fito ya mutu. Siddo ya koma kamun kifi, Haruna kuwa ya bi manyan motoci, ya samu aikin lodi a Malanbil, ya auri wata yarinya mai suna Jumma ya zauna can. Ba da daɗewa ba aka samu 'yancin kai, wancan gefe ya zama Dahome, namu Nijar. A shekarar ne Jumma ta haihu, Inna Hawa ta ƙetara don yi mata wankan jego. Zazzaɓi ya kama tsohuwar cikin tsananin zafi, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Siddo yana can ƙasan garin Tunuga wurin kamun kifi. Kafin ɗan aike ya same shi ya tuƙo, an riga an kai ta.

Ya iske mutane zaune a ƙofar gidan Haruna ana karɓar gaisuwa. Bai zauna ba. Ya tsaya a kan ƙanensa ya ce, "Ka binne mani uwa kamar wadda ba ta da kowa. Tun da ka iya binne uwa ba tare da wanka ba, to ka ɗauka yau ka haɗa da wan ka binne."

Ya juya ya koma jirginsa. Ko kabarin bai je ya gani ba.

Azumin da ya biyo baya, Haruna ya aiko da kwanon buɗa baki, yadda 'yan'uwa ke aika wa juna. Siddo ya ce a mayar, ko murfin ba a ɗaga ba. A garinmu mayar da kwano a rufe ya fi mari ciwo. Daga nan kwano bai sake zuwa ba. Muka yi magana har muka gaji. In na ɗauko zancen sai ya ce, "Tela, ɗinka abin da ya yage a shagonka."

Haka aka tafi har shekarar da ƙasashen biyu suka yi tsama, aka tare gada, jandarma suka zauna a bakinta. Cikin azumin shekarar, wata yamma, Siddo ya dawo gida yana huci. Ya yi wa wani mai sayen kifi wankin babban bargo a kasuwa, yana kuma ba da labarin da daɗin rai. Matarsa Aisata, mace marar yawan magana, ta ajiye masa kunu da dabino, ta koma gefe ta zauna.

"Maigida, in tambaye ka?"

"Tambayi."

"Wannan cikin naka da kake horarwa duk shekara, me ya yi maka? Ni dai tun da na zo gidan nan ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Ba shi ya mayar da kwanon Haruna ba. Mai laifin yana nan sama da shi kaɗan, yana ci yana sha dare da rana."

Siddo ya buɗe baki zai yi abin da ya saba, sai ladan ya kira salla. Ya jawo kununsa ya sha. Washegari ya zo shagona ya zauna, ya daɗe yana kallon zare, sannan ya ce in raka shi wurin Malam Ado, wanda ke karantarwa a gindin tsamiyar masallacinmu.

Malam Ado ya saurare shi har ya gama. Ya ce, "Siddo, in za ka koya wa mutum tuƙi, a ina kake fara sa shi?"

"A gefe, Malam, inda ruwa ke kwance."

"Don me? Ai ba a gefe ake aikin ba."

"Don hannunsa ya saba. In ya shiga tsakiya ruwa ya fizge shi, ya san yadda zai riƙe."

"To watan nan gefe ne," in ji Malam. "Ruwan randarka halal ne, tuwon Aisata halal ne. Allah ya ce ka bar su daga asuba zuwa faɗuwar rana, ba don yana da bukatar yunwarka ba. So yake wanda ya iya barin halal saboda shi, ya iya barin haram in ruwa ya fizge shi. Kuma ka ɗanɗani abin da marar shi ke ji, zuciyarka ta yi laushi. Kai kuwa shekara da shekaru kana ta tuƙi a gefe, ka ƙware, amma ko sau ɗaya ba ka shiga tsakiya ba. Ga ƙanenka can ka yanke shi. Ni ina ji maka tsoron ka je gaban Allah ka tarar ƙishirwa kawai ka tara."

Da muka dawo bakin shago Siddo ya tsaya. "Ƙishirwa kawai," ya ce. "Duk bazarar nan, Sha'ibu."

Sauran watan abin kallo ne. Ya samo asuwaki mai kauri, in aka taɓo shi sai ya danna shi a baki ya cije, jijiyoyin wuyansa su tashi, ya ce ta gefen baki, "Ina azumi." 'Yan kasuwa suka gane, suka shiga gwada shi da gangan. Wata Bayarabiya mai sayen banda ta taya kifinsa tayin wulaƙanci, da ta ga bai ce komai ba sai ta dafa ƙirji ta tambaye shi ko ba shi da lafiya. Ba kullum yake cin nasara ba. Ran nan ya zage wani jaki tas da ya taka masa taru, ya zo yana tambayar Malam ko na dabba ma ana rubutawa. Malam ya ce bakin dai ɗaya ne. Kafin watan ya ƙare ya cinye asuwaki ya fi na shekara, amma ya yanke shawara: ranar Sallah, ranar da ake neman gafarar juna, zai ƙetara.

Labarin ganin wata ya zo mana ta rediyo daga Yamai, aka buga ganguna. Da safe Siddo ya karya, muka je idi tare, yana sanye da sabuwar rigar da na ɗinka masa. Aisata ta cika babban kwano da shinkafa da miyar zabo ta ɗaure da zane. Gada a tare take, amma ba a taɓa tare wa masunci ruwa ba. Ya tura jirginsa shi kaɗai. Abin da ya faru a can, daga bakin Siddo da Haruna na ji shi, sau da yawa, kowa da inda yake ƙara gishiri.

Tun daga bakin ruwa ya ga garin shiru. Ba kiɗa, ba yara da sababbin kaya. Ya ce a ransa ko ba a sauko daga idi ba. Ya ratsa unguwa da kwano a ka, ƙamshin zabo na bin sa, mutane na kallonsa suna kau da kai. Abin da bai zo masa a rai ba shi ne, yanzu ba mai tura jirgi ya kai labarin wata. Kowace ƙasa nata take jira. Mutanen Malanbil sun ji gangunanmu, amma limaminsu ya ce ba wanda ya zo masa da shaida, don haka suka tashi da azumi.

Ya tarar da Haruna kwance kan tabarma a rumfar ƙofar gida, leɓɓansa a bushe. Siddo ya yi sallama ya ce, "Barka da Sallah."

Haruna ya tashi zaune. Ya dubi sabuwar rigar, ya dubi kwanon.

"Sallah," ya ce. "Shekarun nan duka ba ka tako ba, sai yau da ka san bakinmu a rufe, ka zo ka nuna mana ku kun ƙoshi."

"Wallahi ban san ba ku ga wata ba."

"Kai wane ne ma tukuna? Ni wana na binne shi. Shi da kansa ya ce in binne."

"To gawar ce ta taso ta kawo maka zabo."

Wani cikin maƙwabtan da suka fara taruwa ya yi dariya, abin ya ƙara tunzura Haruna. Ya miƙe tsaye ya fara, kuma ɗan Inna Hawa ne shi ma, bakin gado ne. Ya tono kwanon da aka mayar masa. Ya tono yadda ya zauna karɓar gaisuwa shi kaɗai kamar shege. Ya ce ɗansa ya yi wayo bai san yana da baba a ƙetare ba. Ya kira Siddo abin da ba zan rubuta ba, a gaban mutane, a gaban Jumma da ke leƙowa ta zana.

Siddo ya ce mani a lokacin ya ji kalmomi sun jeru a kan harshensa cikin harsuna huɗu, kowace tana cewa ita za a fara saki. Ya lalubi aljihu, babu asuwaki, ya bar shi cikin tsohuwar riga. Kuma ba ya azumi, ba shi da abin fakewa. Nan ya gane ashe wannan ce tsakiyar da Malam ke faɗa. Ya sauke kwanon a inuwa, ya tattara sabuwar rigarsa, ya zauna a ƙasa, tun da ba a ba shi tabarma ba.

"Haruna," ya ce, "kana azumi. Ka wahala wata guda, kada ka zubar da na ƙarshe a kaina, ban kai ba. Ina nan zaune. Bari rana ta faɗi, ka sha ruwa ka samu ƙarfi, sannan ka zage ni da kyau."

Haruna ya tsaya da baki buɗe. Bai taɓa jefa wa wansa magana ta faɗi ƙasa ba a dawo masa da goma ba. Ya shige gida. Maƙwabta suka jira a yi dambe, da suka ga ba za a yi ba suka watse.

Siddo ya zauna. Rana ta tako ta cinye inuwar, ya matsar da kwanon, shi bai matsa ba. Da azahar Jumma ta fito da ruwa a moɗa, ta durƙusa.

"Yaya, sha. Ai kai Sallarka ce."

"Sallata ce, kuma ba azumi nake ba, na karya da safe. Amma ba zan sha a ƙofar masu ƙishi ba. Mayar, Allah ya yi miki albarka."

Ya bi su masallaci ya yi azahar, ya dawo ya zauna inda ya tashi. Aka yi la'asar haka. Da Haruna ya fito zai wuce, Siddo ya ce, "Nuna mani inda ka sa ta."

Haruna ya kama hanya, Siddo ya bi shi a baya. Kabarin yana gindin wata aduwa, an kewaye shi da ƙaya don awaki, an share shi tsaf. Suka yi addu'a. Suna tsaye Haruna ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Na jira ka. Tun safe har rana ta karkata ina hana mutane ɗauka. Zafi ake yi, ka san zafin shekarar. Liman ya ce in na ƙara jira na zalunce ta. Ni na shiga ramin na karɓe ta, ina ta duban hanya."

Siddo ya durƙusa, wannan ƙaton mutum, ya dafa ƙasa da hannu biyu.

"Abin da ya kamata ka yi, shi ka yi. Ni ne ba na nan. Haushin kaina na rasa inda zan kai, na juye maka. Ka yafe mani."

Haruna bai ce ya yafe ba. Ya dai ce rana ta kusa faɗuwa, su koma.

Da aka kira magariba Jumma ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta kwance zanen kwanon. Shinkafar ta yi sanyi, man zabon ya daskare a kai. Haruna ya sha ruwa sosai ya ajiye moɗa.

"To, rana ta faɗi," in ji Siddo. "Ga ni."

Haruna ya dube shi, ya dubi kwanon, ya sa hannu ya ɓalli cinya.

"Bari in ci tukuna, Bere. Zagi ba ya gudu."

Haruna bai sake ɗauko zagin ba har abada. Suka cinye kwanon tas, suka fita tare suka ga jinjirin watan tsaye a kan kogi. Siddo ya kwana can, washegari ya raka su idi. A shekarar shi kaɗai ne a Gaya ya ci Sallah biyu, kuma bai bari mun manta ba.

Ba zan ce ya koma mala'ika ba. Jakuna dai ba su tsira daga bakinsa ba har ya tsufa. Amma daga shekarar, mutum bai sake kwana da zaginsa ba, kuma da azumi da ba azumi duk ɗaya ne. Kwano ya koma zirga-zirga tsakanin gidajen biyu. Kowace Sallah yakan kawo mani yadi ya ce in yanka riga biyu iri ɗaya. In samari suna kukan ƙishirwa a bakin ruwa yakan ce musu, "Ƙishirwa ai mai sauƙi ce, da magariba take mutuwa. Ku dai ku lura da abin da take koya muku. Ni ranar da azumina ya yi mani amfani, da cikina cike na same ta."

Bana, tun kafin watan ya kama, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Likita ya ce lallai ya riƙa shan magani da rana, Malam Ado ya ce ya sha, a ciyar a madadinsa. Na ji tsoron abin zai karya masa zuciya, mutumin da bai taɓa shan yini ɗaya ba. Haruna ya baro aikinsa ya dawo yana jinyarsa. Ranar da na je duba shi ta ƙarshe, da la'asar ce, na tarar Haruna ya tallafe shi yana ba shi kunu a ludayi. Da ya gan ni sai ya ture ludayin.

"Kau da shi, ga mai azumi ya shigo."

"Sha abinka," na ce. "Ni ba Haruna ba ne, ba zan zage ka ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa na zauna kusa da shi na riƙe hannunsa. Hannun nan da filafili ya yi wa kanta, ya zama ba nauyi.

"Siddo, ba ya damunka? Ka ga mutane na yi, kai ba ka yi."

"Da farko ya dame ni. Sai na ga ai wanda ya ce in bari, shi ne ya ce in sha. Cikin aka sallama, Sha'ibu, ya yi aikinsa ya gaji. Bakin yana nan yana yi. Tambayi Aisata, jiya ta zuba mani gishiri a kunu ban ce komai ba."

"Sau biyu ka ce," in ji Aisata daga tsakar gida.

"A zuci ne, ba a rubuta wannan."

Na tashi zan tafi don in kama buɗa baki a gida, sai ya ja hannuna.

"Tela, yadin nan da na aiko, ka yanka?"

"Na yanka. Taka zan fara haɗawa gobe in Allah ya kai mu."

"A'a, fara gama ta Haruna. Kada mutanensu su riga mu ganin wata ya rasa abin sawa."

"Kai fa?"

"Ni na iya jira yanzu," ya ce. "Ai na koya."